Gwajina yana wucewa a kwamfutata, yana faɗuwa a ta kowa

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka saba da gwajin shirye-shiryen layin umarni su taimaka min, yau kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya.

Mu shida ne muke rubuta darussan lissafi na firamare da Hausa: huɗu a Kano, ɗaya a Katsina, ɗaya a Damagaram. In ban da ni, babu wanda ya saba da Git, shirin da ke ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa fayiloli. Na yi ƙoƙarin koya musu add da commit da push, abin ya nemi ya zama rigima, wata malama ma ta ce in dai sai ta wannan baƙin allon za a yi aikin to a cire sunanta. Shi ne na zauna na rubuta wani ɗan shiri da Python na sa masa suna `ajiye`. Mutum ya gama gyara darasinsa, ya buga `ajiye "na gyara babi na uku"`, shirin ya kira Git a ɓoye, sannan ya ba shi amsa da Hausa: "An ajiye fayil 2". In babu abin da ya canza ya ce masa "Babu sabon abu".

Yadda nake gwada shi kuwa, dabarar kaina ce. Kowane gwaji fayil biyu ne. Ɗaya sikirif na shel mai ƙirƙirar rumbun Git na wucin gadi ya buga umarni, ɗayan kuma kwafin abin da ya fito ranar da na ga komai ya yi daidai. Sai in sake gudanar da sikirif ɗin in kwatanta da `diff`, umarnin da ke nuna bambancin fayil biyu. Gwaje-gwajen 23 ne yanzu.

A kwamfutata yawancinsu suna wucewa. Amma 9 suna faɗuwa duk lokacin da na sake gudanar da su saboda lambar komit, wato lambar da Git yake ba kowace ajiya, ta canza. A sabar da muka kama haya, wani gwaji ya ce min ranar ajiya jiya ce alhali yau ce, kuma da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare na gudanar da shi. Reshen da yake `main` a wurina, can `master` yake. Ɗan'uwanmu na Damagaram ya gudanar a tasa, 15 suka faɗi, ya turo min hoton allo cike da Faransanci. Ga kuma wani abin ban haushi: fayil ɗinmu mai suna ƙidaya.txt, a wani wurin yana fitowa "\306\231idaya.txt", kamar aljani ya taɓa shi.

Tambayata biyu ce. Shin wannan hanya ta kwatanta abin da ya fito da abin da ake tsammani, hanya ce da manya suke bi, ko ɓata lokaci nake yi? In hanya ce, yaya ake yi da abubuwan da ba sa tsayawa wuri ɗaya? Na fara cusa `sed`, umarnin sauya rubutu, ko'ina ina goge lambobi, yanzu sikirif ɗin gwajin ya fi shirin kansa tsawo, ni kaina ba na iya karanta shi.

Bazazzagi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ɓata lokaci kake yi ba, hanyar da ka laluɓo da kanka ita ce wadda mutanen Mercurial, wani shiri irin Git, suka bi shekaru. Su ma da haka suka fara a 2005, sikirif daban, fayil ɗin amsa daban. A 2010 suka gaji da duba fayil biyu suka haɗe su wuri ɗaya, fayil mai ƙarewa da `.t`. Brodie Rao ya ɗauki wannan tsarin ya fitar da shi a matsayin shiri mai zaman kansa, Cram, don kowa ya yi amfani da shi. Akwai kuma Prysk, wanda aka tsago daga Cram aka ci gaba da kula da shi. Ga yadda naka zai kasance:

```
Ajiya ta farko a sabon rumbu:

  $ . "$TESTDIR/shiri.sh"
  $ git init -q -b main darasi
  $ cd darasi
  $ echo "1 + 1 = 2" > babi1.txt
  $ ajiye "farko"
  An ajiye fayil 1

In babu canji, ya faɗa, ya fita da lamba 1:

  $ ajiye "kuma"
  Babu sabon abu
  [1]
```

Layin da ya fara daga bakin gefe bayani ne, ba a gudanar da shi. Wanda aka tura ciki da tazara biyu sannan alamar dala, umarni ne. Wanda aka tura ciki babu dala, shi ne amsar da ake jira. Lambar da ke cikin baka mai kusurwa ita ce lambar fita, in ba sifili ba ce. Ka lura, duk fayil ɗin a shel ɗaya yake gudana, shi ya sa `cd` ɗin nan yake ci gaba da aiki har ƙasa. Dabarar da Cram yake yi ita ce ya saƙa wani layi na sirri tsakanin kowane umarni da na gaba, ya buga shi tare da lambar fita, daga baya ya bi waɗannan alamomin ya yayyanka amsar ya mayar da kowace gaɓa ƙarƙashin umarninta. Saƙon kuskure da amsa ta yau da kullum duk a kwano ɗaya yake zuba su, ka san da wannan.

Matsalar lokaci da ta harshe, Cram da kansa zai ɗauke maka. Yana sa `TZ=GMT`, yana sa `LANG` da `LC_ALL` da `LANGUAGE` su zama `C`, faɗin allo kuma 80. Abin da ya same ka a sabar nan ai ba wani abu ba ne, mu muna gaban GMT da awa ɗaya, sha biyu da rabi na dare a Kano sha ɗaya da rabi ne na jiya a wurinta.

Lambar komit kuwa aikinka ne. Ana lissafa ta ne daga abin da ke cikin fayilolin, da komit ɗin da ya gabata, da sunan marubuci, da imel ɗinsa, da lokaci, da saƙon. Ɗaya ya motsa, lamba ta canza. To ka ɗaure su duka a cikin shiri.sh:

```
export HOME="$PWD"
unset XDG_CONFIG_HOME
export GIT_CONFIG_NOSYSTEM=1
export GIT_AUTHOR_NAME=Gwaji GIT_COMMITTER_NAME=Gwaji
export GIT_AUTHOR_EMAIL=gwaji@example.com
export GIT_COMMITTER_EMAIL=gwaji@example.com
export GIT_AUTHOR_DATE="2020-01-01 12:00:00 +0100"
export GIT_COMMITTER_DATE="2020-01-01 12:00:00 +0100"
```

Layuka ukun farko suna hana Git karanta saitinka na gida da na kwamfutar gaba ɗaya. Daga can `main` ɗinka yake zuwa, ka taɓa saita `init.defaultBranch` ka manta. Wannan saitin da `-b` ɗin da na sa a sama duk a Git 2.28 na 2020 suka shigo, don haka ka duba sabar ɗinku ba ta girme shi ba. Mercurial ma haka suke yi, duk komit ɗin gwajinsu ranar 1 ga Janairu 1970 yake nunawa, mai yin sa kuma sunansa test.

Abin da ya ƙi ɗauruwa, kamar sunan foldar wucin gadi, sai ka sa tauraro a wurinsa, a ƙarshen layin ka rubuta kalmar glob a cikin baka. In abin ya fi ƙarfin tauraro akwai re, wadda ake rubuta tsarin zaƙulo rubutu da ita. Amma ka yi tsimi da su. Na taɓa ganin gwajin da rabinsa taurari ne, ko me ya fito wucewa yake yi.

Idan gwaji ya faɗi zai bar maka fayil mai ƙarewa da `.err`, ya nuna maka bambancin. Ka gudanar da `cram -i`, zai tambaye ka ko ka yarda da sabuwar amsar, ka ce eh ya gyara fayil ɗin da kansa. Ka watsar da `sed` ɗin nan.

Tsohon Kanikanci ya amsa:

Bazazzagi ya yi bayani mai kyau, amma wannan `-i` da ya rufe da ita kamar alewa, ita ce ta taɓa ƙona ni, bari in ba ku labari.

Wani kamfani da na yi wa aiki, muna da irin waɗannan gwaje-gwajen sama da ɗari. Wata ranar Alhamis da yamma muka gyara rubutun wani saƙo, kalma ɗaya tak, gwaji kusan 40 suka faɗi. Na zauna ina danna y, ina danna y. Na farko na karanta, na biyu na karanta, daga na goma idona yana kan agogo. Ashe a tsakiyarsu akwai ɗaya da bambancinsa ba na kalmar ba ne, layin da ke cewa an ƙi goge reshen da ba a haɗe ba ne ya ɓace. Na amince da shi da hannuna. Daga ranar gwajin ya koma mai gadin kuskuren, duk wanda ya zo gyarawa shi zai ga ja. Sai da aikin wani na mako guda ya salwanta muka gano.

Shi ya sa ni na fi karkata ga yadda mutanen Git suke gwada nasu. Ka leƙa foldar `t/` a cikin tushen Git, za ka ga fayiloli irin su t0000-basic.sh. Ba sa kwafe duk abin da ya fito. Kowane gwaji yana da suna, yana kuma duba abu ɗaya da aka nufa:

```
test_expect_success 'ajiya ta farko ta yi komit ɗaya' '
	echo "1 + 1 = 2" >babi1.txt &&
	ajiye farko &&
	echo 1 >expect &&
	git rev-list --count HEAD >actual &&
	test_cmp expect actual
'
```

Ka ga `&&` ɗin da ke ƙarshen kowane layi? Sarƙa ce. Ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Suna ɗaukar ta da muhimmanci har suna da shirin da ke bin gwaje-gwajen yana neman inda sarƙar ta tsinke. Suna kuma hana a sa Git a farkon bututu, wato a zuba amsarsa cikin wani umarni, irin `git log | head`, domin shel lambar fitar na ƙarshe yake ba ka, Git ya mutu a hanya ba ka sani ba. Wannan ƙa'idar ka riƙe ta ko da Cram ka zaɓa. In kana son irin wannan tsarin a wajen Git, an ciro shi an sa masa suna Sharness.

Wani abin dariya, su ma ɗaure lokaci suke yi. Marubucin komit ɗin gwajinsu sunansa A U Thor, agogonsu kuma yana farawa daga 1112911993, wato 7 ga Afrilu 2005, lokacin komit na farko da Linus Torvalds ya yi a Git. Duk kiran `test_tick` yana ƙara daƙiƙa 60.

Ban ce kada ka ɗauki Cram ba, ƙanena. Shirinka ƙarami ne, kuma maganar da yake yi wa malamai ita ce rabin amfaninsa, don haka dole a gwada kalmomin. Abin da nake cewa shi ne, kalmomin `ajiye` naka ne, kwafe su harafi da harafi. Kalmomin Git ba naka ba ne. A 2016 sun canza "working directory clean" ya koma "working tree clean", ba su nemi izinin kowa ba, kuma suna da gaskiya, don ba su taɓa alkawarin wannan rubutun zai tsaya ba.

'Yar Damagaram ta amsa:

Sannunku da aiki. Ni akwai abin da nake ganin an tsallake, kuma da yake kwamfutata ma da Faransanci take, na san ciwon.

Malam Ɗan Gwammaja, ta yaya `ajiye` yake gane cewa babu sabon abu? In zato na ya yi daidai, `git status` kake kira, ka nemi "nothing to commit" a cikin amsar. To a kwamfutar ɗan'uwanku na nan, Git ba ya faɗin haka. Cewa yake yi "Sur la branche main", sannan "rien à valider, la copie de travail est propre". Shirinka ba zai ga abin da yake nema ba, zai ɗauka akwai canji, ya tafi yin komit, Git ya ƙi, malamin ya ga saƙon da bai gane ba.

Wato a cikin 15 ɗin nan da suka faɗi, wasu ba hayaniya ba ce, gaskiya suka faɗa maka. Kuma ranar da ka koma Cram ya mayar da harshen kowa `C`, duk za su wuce a kwamfutarsa, ku yi murna, shirin kuma yana nan a karye a hannunsa kullum da safe. An share ɗaki an tura sharar ƙarƙashin tabarma ke nan.

Gyaran a cikin shirin yake. Ka kira `git status --porcelain`. Wannan an yi shi ne don shirye-shirye su karanta, ba ya canzawa da harshe ko da sabon fitowar Git, in kuma babu canji ba ya buga komai. Mercurial ma suna da irinsa, `HGPLAIN`, mai kashe fassara da saitin mutum.

Batun ƙidaya.txt kuma ba aljani. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99. Git, in ba a hana shi ba, duk bayit ɗin da ya wuce haruffan Turanci yana rubuta shi da lissafin takwas-takwas ya sa sunan cikin alamar zance, shi ne 306 da 231 da ka gani. Da ɗ ne da ka ga \311\227. Mu da muke fama da é da à mun daɗe da saninsa. Za ka iya kashe shi da `core.quotePath=false`, amma tunda shiri ne zai karanta, ka ƙara `-z` kawai a kan porcelain, sunayen su zo yadda suke, a raba su da bayit na sifili. Da wannan har sunan da ke da tazara a ciki ba zai ba ka wahala ba.

Ka kuma sa gwaji ɗaya da gangan da Faransanci. In kwamfutar ba ta da harshen, gwajin ya fita da lamba 80, Cram zai ɗauka an tsallake shi ne, ba faɗuwa ya yi ba:

```
  $ locale -a | grep -qi '^fr_FR' || exit 80
```

Ɗan Gwammaja ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Malama 'Yar Damagaram, kamar kina tsaye a bayana lokacin da nake rubuta shirin. Layi na 41 ne, `if "nothing to commit" in amsa`. Na kira ɗan'uwan namu na tambaye shi, ya ce ai tun watan jiya in ya buga `ajiye` babu canji sai wani dogon rubutu ya zubo masa, shi kuma ya ɗauka haka abin yake, ya ji nauyin ya dame ni. Wata guda bawan Allah yana haƙuri da kuskurena.

Ga inda na kwana. Na koma Cram, fayiloli 46 sun zama 8, don na haɗa masu alaƙa wuri ɗaya. `sed` ko ɗaya bai rage ba. Tauraro sau biyu kawai na sa, duka a sunan folda. Shawarar Baba Tsohon Kanikanci na bi wajen rabon aiki: maganar `ajiye` ina kwafe ta yadda take, in kuma ina son tabbatar da abin da ya faru a rumbun, sai in tambayi Git da `rev-list --count` ko `log --format=%s`, amsa gajera wadda ni na tsara siffarta. Na kuma yi wa kaina doka, duk abin da na karɓa da `-i` sai na sake karanta shi a `git diff` kafin in yi komit, kuma ba na haɗa gyaran kalmomi da gyaran aiki a komit ɗaya. Ko zan iya riƙe dokar ranar da na gaji, wannan sai a hankali.

Abu biyu suka ba ni mamaki, na rubuta su saboda na baya.

Na farko, da na karɓi amsar da ke da ƙ ta hanyar `-i`, Cram ya rubuta min ita `\xc6\x99idaya.txt` da kalmar esc a ƙarshen layi. Gwajin yana wucewa, amma ba ya karantuwa, alhali karantuwar ce ta sa na zo. Na goge na rubuta ƙidaya.txt da hannu, ya karɓa lafiya lau. Don haka duk layin da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ da hannu nake rubuta shi yanzu.

Na biyu ya fi ɗaure min kai. Na rubuta gwajin Faransancin, na sa `LC_ALL=fr_FR.UTF-8` a gaban umarnin, ya wuce. Sai labarin Baba ya faɗo min, na ce bari in mayar da tsohon layi na 41 in ga ko zai faɗi. Bai faɗi ba. Na buga `git status` tsirara a cikin gwajin, sai ga Turanci. Ashe `LANGUAGE=C` ɗin da Bazazzagi ya ambata yana nan daram, kuma wajen zaɓen harshen saƙo shi ake fara dubawa. Sai da na rubuta haka:

```
  $ LANGUAGE=fr LC_ALL=fr_FR.UTF-8 ajiye "kuma"
  Babu sabon abu
  [1]
```

Da tsohon layin ya faɗi, da sabon ya wuce. Yanzu na yarda da shi.

Saura abu ɗaya. Malamin Katsina Windows yake amfani da ita, ta Git Bash. Gwaji biyu suna faɗuwa a wurinsa, bambancin kuma ido ba ya ganinsa, sai `\r` da ke maƙale a ƙarshen kowane layi. Ina zargin ko Python ne yake ƙara shi wajen bugawa, ko kuma `core.autocrlf` ne ya taɓa fayilolin `.t` ɗin lokacin da ya sauke su. Na ce ya turo min abin da `git ls-files --eol` ya nuna masa, yana jiran a kawo wuta.